Furen Madam da Magen Zamalek

...ba ita ba ce, jama'ar gidan nan, wallahi ba Fatna ba ce! Ku ajiye wankin ku ji.

Fatna ƙanwata tun tana 'yar shekara goma sha huɗu take aikin gidan mutane a Omdurman ta Sudan, har yaƙi ya koro mu Masar. Shekara biyu ke nan kullum tana tashi daga nan unguwarmu Hadayek el-Maadi zuwa unguwar Zamalek, gidan wata madam 'yar China. A barandar madam akwai tukwanen wani fure rawaya, ganyensa dogaye kamar na dawa, ƙamshinsa kamar lemun tsami. Kowane fure yini ɗaya yake yi ya yamutse, wani ya buɗe. Da sanyi ya kwanta kamar ya mutu, da zafi ya taso daga saiwarsa. Madam cin sa take yi. A tsinke shi tun bai buɗe ba, a turara, a shanya, a jefa a miya.

Shanya kuwa ba a koya wa Fatna, ai da busasshiyar kuɓewa muka girma. Sai ta baza shi a faranti a ƙasa, inda rana take bugawa.

Ran Talata magen madam ta fara amai, ta daina cin abinci. Ran Alhamis ta mutu a asibitin dabbobi. Madam ta ce guba aka ba ta, kuma wa ta taɓa gani yana korar magen daga kicin da tsintsiya in ba Fatna ba? Ta karɓe makullin gidanta daga hannun Fatna, ta ce likita na tabbatarwa za ta kira 'yan sanda. Ga iƙamar Fatna, takardar izinin zamanta, ta ƙare tun bara. Wanda aka kama ba iƙama, mota ce sai bakin iyaka, can inda muka baro gida a ƙone.

Kwana huɗu ba ta leƙa titi ba. Ta ƙulle kayanta a zani, ta gaya mini wa zan ba 'yarta Hadeel in an zo kama ta. Ko mai sayar da gas ya ƙwanƙwasa tukunya a ƙasa, sai ta ɗauki ƙullin, ta zaci 'yan sanda ne.

Yau da hantsi wayarta ta yi ƙara. Amjad ne, direban madam.

"Fatna, likita ya ce furen ne. Mutum ya ci dafaffe lafiya lau, amma mage ko garinsa ta lasa, ƙodarta ta tafi. Ba maganar 'yan sanda, halas, ta ƙare."

"Alhamdulillahi. To aikin fa, Yaya Amjad?"

"Ma'alish, sai haƙuri. Madam ta ɗauki wata tun jiya."