Malam Inci Biyu da Motar Ɗansa

Mahaifina shekara talatin da huɗu ya yi yana kwance a ƙarƙashin motocin mutane. Ba inji yake gyarawa ba, ba kuma waya ba. Shi aikinsa ƙafar mota: sifirin, shoka, da duk wani ƙarfen da ke riƙe gangar mota a kan tayoyi. Masu akori-kura da ke shiga daji da gonaki, in suka gaji da yadda cikin motarsu ke gurzar ƙasa, wurinsa suke kawo ta ya ɗaga musu. A gareji ba mai kiran sunansa na gaskiya. Malam Inci Biyu ake ce masa, domin ko wuni za ka yi kana magiya ba zai ɗaga maka mota fiye da haka ba.

Yana da wata hanyar aiki da ke ba masu mota haushi. Kafin ya taɓa noti ko ɗaya sai ya tambaye ka, "Wa da wa ke hawa?" In ka ce kai kaɗai ne, sai ya ce, "Ba ka da uwa? Matarka fa, ba ta ɗaukar ciki?" Daga nan ya sa a loda buhunan yashi huɗu a baya, ya durƙusa ya auna daga ƙasa zuwa bakin mataki, hagu da dama, ya rubuta da alli a jikin ƙofa. Wasu su yi dariya, wasu su ja tsaki su wuce gareji na gaba. Shi ko a jikinsa. Da wannan aikin ya ciyar da mu, ni da yayana, bayan Umma ta rasu muna ƙanana, kuma da shi ya kai Yaya har inda ya kai.

Bara, gab da faɗuwar damina, Baba ya yanke jiki ya faɗi yana cikin wanke hannu bayan tashi daga aiki. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ni ce auta, ɗinki nake yi, sai na naɗe kekena na dawo gidansa da izinin maigidana. Likitar gashin ƙashi ta zaunar da mu ni da Yaya ta yi mana magana ba ɓoye-ɓoye. Ta ce watannin farko su ne komai. In aka riƙa kawo shi sau uku a mako ba fashi, akwai fatan hannun ya dawo. In aka yi wasa, yatsun za su ƙage, kuma ba mai buɗe su.

Matsalar ita ce hanyar gidanmu. Da zarar ruwa ya sauka, daga bakin kwalta zuwa ƙofarmu laka ce mai kama ƙafa, ba mai tasi da ke yarda ya shigo, balle mai keke-napep. A nan Yaya ya yi abin kirki, kuma ba zan ci masa wannan ba. Kayan gini yake sayarwa, dama yana da niyyar sayen akori-kura mai jan ƙafa huɗu, sai ya gaggauta ya sayo ta. Matakinta inci goma sha bakwai ne daga ƙasa. Na sani don Baba ne ya sa na auna da tef ɗina na ɗinki ranar da aka kawo ta. Yana riƙe ƙofa da hannun hagu, ya ɗora ƙafa mai lafiya, ya ja ɗayar, ya zauna da kansa. Mako shida muka yi haka. A na shida ya riƙe kofin shayi da hannun dama har ya kurɓa sau biyu, ni kuwa na shiga ɗaki na yi kukan murna.

Sai Yaya ya haɗu da wasu abokai masu fita daji da motoci ƙarshen mako, su yi ta hawa duwatsu suna ɗaukar hoto. Wata ranar Litinin ya ce motar tana wurin gyara, ya kwana biyu bai zo ba. Ranar Laraba na ji ƙugi a waje, na leƙa, na ga wani abu tsaye kamar an ɗora rumfa a kan gwangwani. An ɗaga ta inci huɗu, an sa mata wasu tayoyi masu haƙora, sannan an cire matakin gaba ɗaya wai yana ɓata mata tsari. Ɗan Malam Inci Biyu ke nan, wanda aka yi wa kuɗin makaranta da awon mataki, ya kai motarsa wurin wani can bai ko tambayi ubansa ba.

Na ɗauko tef na auna a gabansa. Inci talatin da ɗaya daga ƙasa zuwa inda mutum zai sa ƙafa.

"Yaya, ta ina Baba zai hau wannan?"

"Ke kin cika ƙorafi, Auta. Cikinta ne ke taɓa ƙasa in na kai kaya wurin gini. Ki kawo kujera ya taka."

Baba yana zaune a baranda yana kallo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Inci biyu ya ishe ka wannan." Bakinsa a karkace yake tun ciwon, maganar ba ta fita sosai, sai Yaya ya yi kamar bai gane ba.

Na kawo kujerar tsuguno. Mutumin da ƙafarsa ɗaya ba ta ɗaukar nauyi, a ce ya tsaya a kan kujera a cikin laka ya sake ɗaga ƙafa sama da gwiwarsa. Kujerar ta zame, Baba ya faɗo a kaina, mu biyu muka kwanta a taɓo. Sai Yaya ya sunkuce shi kamar buhun siminti ya jefa a kujerar gaba. A ƙofar asibiti ma haka ya sauke shi, a rungume, rigarsa ta tattare har ana ganin cikinsa. Wani tsohon direba da Baba ya sha yi wa aiki yana tsaye a wurin. Ya dubi motar, ya dubi Baba, ya ce, "Inci Biyu, kai ne a cikin wannan?" Ba da mugunta ya faɗa ba, amma na ga yadda Baba ya sunkuyar da kai.

Muna dawowa gida ya ce shi da motar nan har abada, sai an sauke ta. Na roƙe shi, na yi kuka, na tuna masa maganar likita. Ya ce, "Ni ba kaya ba ne." Na koma kan Yaya, ya ce in bari su dawo daga fitar da suka shirya ƙarshen wata. Wata ya ƙare, ya ce akwai wata. Na nemi masu tasi har guda biyar, kowa ya zo bakin kwalta ya leƙa lakar ya juya. Na yi ta murza masa hannun da man zafi yadda aka nuna mini, amma ni tela ce, ba likita ba. Ina ganin yatsun suna lanƙwashewa kaɗan-kaɗan, ina jin kamar in shaƙe wani.

Abin da ya fi ƙona mini rai kuwa, bayan ɗagawar motar ta daina shiga ƙofar gidan da Yaya yake haya, kanta yana bugun ƙarfen sama. To ina zai ajiye ta? Tsakar gidan Baba mana. Kullum da yamma ya kawo ta ya faka a gaban baranda, ya hau babur ya tafi gidansa, in ba shi da kai kaya ma ta wuni a nan. Baba ya tashi da ita ya wuni da ita, tana tsaye a kansa, tayarta ta kai masa kafaɗa in yana zaune. Idonsa kullum yana ƙarƙashinta.

A mako na bakwai da daina zuwa asibiti, wata safiya ina kan keke ina harhaɗa wata riga, sai na ji yana kirana. Ya ce in sa duwatsu gaba da bayan tayoyi, in shimfiɗa kwali a ƙasa, in ɗauko akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Na ce, "Baba, don Allah ka rufa mini asiri." Ya kalle ni irin kallon da yake mini ina yarinya in na taɓa masa sufana, sai na yi abin da ya ce. Ya zame daga kujera, ya kwanta a kwalin, ya riƙa tura kansa da ƙafa ɗaya har ya shige. Ko sunkuyar da kai bai yi ba, tsabar tsayin da aka yi mata.

Na kwanta kusa da shi ina riƙe masa tocila. Ya nuna mini wasu dunƙulen ƙarfe da aka cusa tsakanin sifirin da sandar taya, ya ce su ne tsayin. Ya nuna mini tiyon birki a miƙe tamau kamar igiyar shanya, ya ce ba su ƙara masa tsawo ba, rami ɗaya mai zurfi zai tsinke shi. Sannan ya ɗora sufana a kan noti da hannun hagu ya fara ja. Sufanar ta kuɓuce ta buge shi a goshi. Ya sake ɗorawa. Ya kai hannun dama zai tallafa, hannun ya zame ya faɗi a ƙirjinsa. Na ce ya bar ni in ja, ya bar ni, notin ko motsi. Awa biyu muna nan, gumi da ƙasa sun cika masa ido, noti ɗaya tak ya saki.

A haka Yaya ya shigo ya same mu, ƙafafunmu huɗu a waje. Ya durƙusa ya leƙo. Ban taɓa zagin yayana ba sai ranar. Na faɗa masa duk abin da ke raina tun daga ranar Larabar nan, ina kwance a ƙasa. Ya kama ƙafafun Baba ya jawo shi a hankali tare da kwalin, ya goge masa jinin goshi da hannun rigarsa. Baba yana haki ya ce, "Kawo jak."

Kada a ɗauka nan take aka gama. Masu garejin da suka yi aikin sun riga sun zubar da tsofaffin shoka da ƙusoshin da suka cire, matakin ma wani ya ɗauke. Sai da Yaya ya yi kwana goma sha biyu yana yawo kasuwar kayan mota kafin ya harhaɗo su. Shi ya kwanta a kwalin da kansa, Baba yana zaune yana ba da umarni da sandarsa, ni ina miƙa sufana. Da aka gama Baba ya sa aka loda buhunan siminti huɗu, na auna. Inci goma sha tara, inci biyu kacal a kan yadda aka sayo ta. Ya gyaɗa kai, ya riƙe ƙofa, ya hau da kansa.

Mako tara cif ba mu je asibiti ba. Likitar ta kama hannun ta juya shi, ta gwada buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya, suna komawa. Ta miƙa masa kofin roba, ya kasa zagaye shi. Ta dube ni ta ce, "Ina kuka shiga?" Ta ce ƙafar za a ci gaba da yi mata aiki, amma hannun kada mu sa rai. Baba ya sa hannun hagu ya ɗauke na daman daga kan tebur ya ajiye a cinyarsa, ya yi mata godiya.

Muka fito ina riƙe da gwiwar hannunsa. Yaya yana jingine da motar yana hira da ɗaya daga cikin abokan fitarsa da suka haɗu a wurin fakin. Mutumin yana zagaya ta yana tambayar me ya sa aka lalata mata kyau. Muna tafe a hankali, Baba yana jan ƙafa, duk muna jin su.

"Bar ta kawai," in ji Yaya yana dariya. "Mai take sha da yawa, shi ya sa na sauke ta."