Zubin Shayin Kabula

Shekara ashirin da shida Kabula tana sayar da shayi a jirgin ruwan da ke fito a tafki tsakanin garin Mwanza da tsibirin Ukerewe. Zubinta daban yake da na kowa: ta ɗaga buta sama da kafaɗa, kofi yana can wajen gwiwa, shayin ya sauko kamar zare, ya huce a hanya. A aji huɗu na firamare karatunta ya tsaya. Mijinta kuwa, tun da ya tafi kamun kifi a tsibiran arewa, sai dai a ji gaisuwarsa a bakin mutane. Da butar nan ta raini 'yarta Nyanjige har ajin ƙarshe na sakandare, inda ita kaɗai ce mace a masu karatun fiziks.

Malaminsu Bundala yana da ilimi, ba a ƙwace masa ba, sai dai bayaninsa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ya ba su aikin gida: ran Litinin kowa ya tsaya gaban aji ya faɗi abin da ya sa agogon abin da ke gudu yake jinkiri a idon na tsaye. Wanda ya kasa, babu sunansa a jarrabawar fiziks.

Ran Asabar da safe yarinya ta ƙi karyawa.

"Mama, na haƙura. Gara in koma ajin tarihi."

"Tarihin gidan wa? Karanto mini in ji."

Ta karanta. Kabula ta ƙyalƙyale da dariya.

"Wannan ne ya hana ki cin abinci? Agogon mai tikiti ya ce bakwai, mu mu ce ɗaya, tunda daga fitowar rana muke ƙirgawa. Ga agogo biyu nan, je ki gaya masa."

"Haba Mama! Wannan ai suna kawai muka sauya. A nan lokacin ne kansa yake jan ƙafa."

Kabula ba ta yi musu ba. Halinta ke nan: in ta ga ta yi kuskure, nan take za ta ajiye shi kamar kofin da ya tsage.

"Ɗauki kwandon fanken mandazi. In kukan za ki yi, ki yi a jirgi, akwai iska."

Suna tsakiyar tafki, ruwa ya kwanta lif, Nyanjige ta karanto ƙa'idar farko daga littafinta: in abin hawa yana tafiya sumul, ba kwana ba ƙarin gudu, babu abin da za ka yi a cikinsa ya nuna maka tafiya yake.

"Har sai an buga littafi?" in ji Kabula, tana zuba wa wani fasinja. "Shayina bai san jirgi na tafiya ba. Sai Shija matuƙi ya yi kwanar nan tasa ta hauka nake rage hannu." Ta nuna wani kwalekwale da haɓa. "Amma masuntan can cewa suke zubina a karkace yake. Shekara nawa ina zaginsu. Ranar da zazzaɓi ya tsayar da ni a gaɓa, na hango ƙanwata tana zubi a madadina, na ga gaskiyarsu. Kafin shayin ya sauko, jirgi ya yi gaba da kofin, shi kuma ya bi shi a karkace."

Nyanjige ta ajiye kwando.

"Ke kina ganin gajeriyar hanya, su suna ganin doguwa."

"Ƙwarai."

"Shayi yana samun ƙarin gudu daga jirgi, shi ya sa yake cin doguwar hanyar a kan kari. Haske kuwa ba ya karɓar ƙari wurin kowa, gudunsa ɗaya ne a idon kowa. To da haske ne ke sauka cikin kofin, masunci zai ga ya bi doguwar hanya da gudun da bai ƙaru ba. Dole ya ga ya fi daɗewa! Mama, a idonsa agogon jirgi ya yi jinkiri!"

Kabula ta ɗaga murya zuwa ɗakin tuƙi. "Shija! Lattinka ya samu lauya!"

"A'a Mama, sai abu ya kusa gudun haske ake lura da bambancin."

"Shija, lauyan ya fasa! Akwalar nan taka agwagwa ma wuce ta take!"

"Ke dai kawo shayi, uwar surutu," in ji shi daga sama.

Har suka isa Ukerewe suka dawo Kabula tana sa yarinyar maimaitawa, tana katse ta duk inda ta fake da kalmar littafi. "Faɗi yadda mai tallan kifi za ta gane, ko ki sake."

Ran Litinin Nyanjige ta shiga aji da tsohuwar butar gida. Samari suka fara shewa, wani ya ce a ba shi mai madara. Ta sa su su zauna a matsayin masunta, ta ratsa gaban allo tana zuba ruwa a kofi, sannan ta zana hanyoyin biyu, miƙaƙƙiya da karkatacciya, ta fitar da lissafin a ƙarƙashinsu. Shewa ta mutu.

Bundala ya daɗe yana kallon allo.

"A wane littafi kika samo wannan?"

"A jirgin safe, Malam."

Ya buɗe rajista ya rubuta sunanta. Sannan ya jawo kujerarsa ya ajiye a layin ɗalibai, ya zauna.

"Sake daga farko. Na baya ba su gani ba."