Ba Agana Ce Ta Cinye Tungar Marina Ba

Ranar Alhamis ce, bayan an gama kai gero rumbu. Na tashi da asuba na hura wuta, na ɗumama sauran tuwo. Mijina Bawa ya ci a tsaye, don ya bar zannuwan mutane cikin shuni. Ya wanke hannu ya nufi karofi, inda ramukan rinin garinmu suke. Uwarsa, Inna Dije, tana ɗaka da ciwon ƙafa. Ɗiyata Hassi, wadda ba ta daɗe da fara famfara ba, tana tsince mini tsakuwa a gero. Garba yana goye a bayana.

Garinmu Tungar Marina, a gindin duwatsun kudu da Tsafe. Kafin wannan rana sojan Nasara sun zo neman maza 'yan dako. Waɗanda suka ɗauka bara ba su dawo ba, saboda haka maza suka ƙi. Aka yi kokawa a ƙofar mai gari. Wani saurayi ya sauke wa soja guda taɓarya a ka, sojan bai tashi ba. Saurayin ya gudu daji. Dattawa suka ce tunda mai laifi ya bar gari, magana ta mutu.

Da hantsi muka ji ƙaho. Ba irin na mafarauta ba ne. Ya yi kuka daga gabas, wani ya amsa daga yamma. Karnuka suka rikice da haushi. Na leƙa ta danga, na ga sojoji masu jajayen huluna sun kewaye gari. Bature ɗaya ne, yana kan doki. A gefensa Nomau ke tafiya a ƙasa, mai fataucin goro da ke sauka a zaurenmu duk kaka. Ni da kaina nake dama masa fura.

"Maza su hito! Kowa karofi!"

Nomau ne ya faɗa, da muryar da na sani. Shi ya riƙa nuna gidaje. Wanda ya ɓuya a rumbu, shi ya ce a duba rumbu. Aka tara su a bakin ramuka, har da liman da makaho Tanko. Na hango Bawa. Hannuwansa sun yi baƙi ƙirin da shuni, ya ɗaga su sama.

Sai bindiga mai ruwa ta fara. Ban taɓa jin irin ƙararta ba: kamar ana buga gwangwani da sauri, ba numfashi. Ta tsaya. Ta sake farawa. Bayan nan sai harbi ɗai-ɗai, ana bin masu motsi. Suka ja gawarwakin suna jefawa cikin ramukan rini. Ruwan ya tumbatsa, ya malalo kan hanya.

Sai wani soja ya daka tsawa: "A sa wuta!"

Na shiga ɗaka na kama Inna Dije. Ta yi mini nauyi ga goyo. Ta ture hannuna.

"Ɗauki ɗiya ki tahi! Tahi na ce!"

Na tafi. Jinka ta kama wuta kafin in kai bakin danga.

Gonaki duk an girbe, babu karan da za mu ɓuya ciki. Muka fita fili, mata da yara, suna harbinmu kamar zabi. Ina riƙe da hannun Hassi na ji ta yi nauyi. Harsashi ya same ta a cinya. Na saɓa ta a kafaɗa, Garba yana tsala ihu a baya, na hau dutse. Muka shige wani kogo. Daga can ina jin rumbunanmu suna fashewa, ƙaurin gero yana isowa har inda muke.

Na yage zanena na ɗaure ƙafar. Jinin bai tsaya ba. Da azahar ta nemi ruwa, ba ni da shi. Da la'asar ta daina nema. Na haƙa ƙasa da tsinin dutse iyakar ƙarfina, na rufe ta, na jera duwatsu saboda kuraye.

Washegari da safe na isa Tsafe. A ƙofar gari wani dogari ya tare mu da sanda. An yi shela, duk wanda ya saukar da mutumin Tunga gidansa ma zai ci wuta. Mu mata da muka haɗu a nan muka rabu, kowa ta kama gabanta. Na bi daji zuwa Wanke, ina cin ganye da ɗanyar gyaɗar da aka bari a ƙasa. Nonona ya ƙafe. A Wanke wata tsohuwa ta miƙo mini ƙwaryar fura ta saman danga. Ta dubi tsagen fuskata ta ce, "Kada ki hwaɗa ma kowa inda kika hito." Na kewaye Gusau ban shiga ba. Na bi gulbi har Bunguɗu, gidan kawuna. Ya karɓe ni, ya ce in ce daga Katsina nake.

Haka na zauna ina ƙaryar asalina. Da shekaru suka tura, sai na fara jin labarinmu a bakin mutane. Wai agana ce ta shiga Tungar Marina ta cinye kowa, aka ƙone garin don kada cutar ta yaɗu. A wurin suna na ji shi, a bakin rijiya na ji shi. Har malamai suna kawo mu misali in ana zancen annoba. An cike ramukan rini, an ba Nomau filin ya shuka auduga. Yanzu wurin Gonar Nomau ake ce masa.

Garba ya girma, ya samu aikin ɗinkin buhunan gyaɗa a kantin wani Bakware, Balaraben Sham, a Gusau. Na biyo shi, ina sayar wa leburori fura. Mai awo a kantin wani farin mutum ne ramamme, Ba'armeniye daga wata ƙasa mai nisa. Ya lura duk ranar da Nomau ya kawo kaya nakan kife ƙwaryata in tofar da yawu. Ya tambaye ni dalili da gurɓatacciyar Hausarsa. Na faɗa masa duka. Shi ne mutum na farko da bai ce mini in yi shiru ba.

Ya ce, "Mu ma haka, Inna. An yanka maza. An kora mata da yara cikin hamada a ƙasa. Uwata ta faɗi a hanya. Yanzu waɗanda suka yi suna cewa yunwa ce da ciwo."

Na ce, "Ka yafe?"

Ya ce, "A'a."

Ranar kasuwa ta gaba na tare Nomau a bakin ma'auni. Ya tsufa, ya yi ƙiba, ana ce masa Alhaji. Leburori sun cika wurin. Na ce, "Nomau, ni ce matar Bawa marini. Tungar Marina. Ka sha furata."

Bai ɗago ido ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ban san wannan gari ba."

Na ɗaga murya na kira masa sunayen mazan da ya nuna, gida bayan gida, tun daga liman har makaho Tanko. Carbinsa ya faɗi ƙasa. Yaransa suka ja shi suka tafi, ina biye da su ina kira har bakin hanya. Mutane suka ce tsohuwa ta haukace. Tun daga ranar duk inda na gan shi sai na kira. Ya daina zuwa kantin. Na ji an ce idonsa ya mutu. Ina roƙon Allah Ya bar masa kunnensa, Ya kuma ja kwanansa. Ban yafe ba, na kuma hana Garba yafewa a madadina.

Bara da rani na sa Garba ya raka ni duwatsun. Muka yini muna duba koguna. Duk sun yi mini kama da juna. Ban gane wanda na bar Hassi a ciki ba.