Ranar da Baba ya shiga ɗakin hoton ƙashi

Mahaifina maɗori ne, gadon ɗori ya yi wurin kakana. A ƙasar Kurfi, in jaki ya ka da mutum ko wani ya faɗo daga kan rumbu, zaurenmu ake nufa. Ni kuwa boko ta ɗauke ni, bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru na samu aiki a ɗakin hoton ƙashi na asibitin birni. Baba bai taɓa kushe aikin ba, amma tun daga lokacin ya koma kirana "ma'aikaci", yana yi yana murmushi.

Wata kaka na zo hutu, na tarar da wani Bafulatani daga Karofi zaune a zaure, hannunsa na dama ɗaure da karare. Saniya ce ta harbe shi a sangalin hannu. Baba ya ɗora shi kwana arba'in da suka wuce, amma har yanzu ko ƙwarya ba ya iya ɗagawa. Baba ya kwance ɗaurin, ya rufe ido, ya bi hannun da yatsu tun daga gwiwa har wuyan hannu. Sannan ya buɗe ido.

"Ma'aikaci," ya ce, "akwai abin da ya ɓuyar mini a nan. Injin naku zai gani?"

Ban taɓa jin ya faɗi irin wannan a gaban wanda yake yi wa magani ba. Na ce, "In Allah ya so, Baba."

Washegari muka taka zuwa Dutsin-Ma mu uku, muka hau motar kaya zuwa birni. Da muka shiga ɗakin, Baba ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya zagaya injin, hannuwa a goye a baya. Ya tambaye ni ina idonsa yake. Na ce ba shi da ido, haske yake fitarwa wanda ba a gani. Hasken yana ratsa tsoka ya wuce, amma ƙashi yana tare shi, don haka inuwar ƙashin ce take faɗawa kan fim ɗin da ke ƙarƙashin hannu.

"Ashe inuwa kuke karantawa," in ji shi.

Na gyara wa Bafulatanin hannu, na ce kada ya motsa. Baba ya tsaya kusa da shi zai riƙe masa kafaɗa, kamar yadda ya saba. Na ce sai dai ya zo bayan allon dalma, domin hasken in ya yawaita a jiki yana cutarwa, dalma ce ke tare shi, nisa kuma yana rage masa ƙarfi. Ya kalle ni, yau ɗansa ne ke nuna masa inda zai tsaya. Sai ya yi dariya ya biyo ni.

Na ɗauki hoto biyu, ɗaya ta sama, ɗaya ta gefe. Da na wanke su na rataya a jikin fitila, ban san wanda zai ji kunya ba tsakanina da Baba. A na farko ƙasusuwan sangalin biyu sun miƙe sambal. Baba ya sa yatsa daidai inda babban ya haɗe, tun kafin in nuna masa.

"Wannan aikina ne."

A na biyu kuwa, sai ga guntun ƙaramin ƙashin ya hau kan ɗan'uwansa, kusa da gwiwar hannu inda tsoka ta yi kauri. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa fim ɗin.

"Allahu akbar. Nan ne yatsana yake tsayawa kullum, amma nama ya hana ni." Ya juya ga Bafulatanin ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗan'uwa, rabin aiki na yi maka."

Mutumin ya ce ai ba don shi ba da bai zo nan ba.

Likita ya yi masa aiki, ya kwanta mako uku. Kafin damina ya koma bin shanunsa, har ya aiko wa gidanmu da man shanu cike da ƙwarya. Daga nan, duk karayar da Baba ya yi shakka a kanta, sai ya haɗo mai ita da saƙon baki zuwa gare ni.

Abu ɗaya ne muka saɓa a kansa. A ranar da muka ɗauki hoton, muna shirin fita, ya ɗora tafin hannunsa kan tebur ya ce in ɗauka, yana son ganin ƙasusuwan da suka ci da mu shekara da shekaru. Na ce ba a haska mai lafiya don sha'awa. Ya ce shi ne fa ya haife ni. Na ce shi ya sa. Ya sa takalmansa yana ƙunƙuni, bai ƙara yi mini magana ba sai a tasha, inda ya saya mini rake.