Inna Jidda da Naman Kazan Tsibiri

A Malisa ta ƙasar Gwandu aka haifi Jidda, zamanin da kurmi ke farawa daga bayan dangarsu. Kakarta ce ta koya mata sanin naman kaza, tsiron nan mai kama da 'yar laima da ke ɓullowa bayan ruwan sama. Tun ba ta isa aure ba ta iya bambance iri goma sha uku. Akwai fari mai doguwar ƙafa na gindin suri, akwai ja-ja na ruɓaɓɓen itacen ɗorawa, akwai kuma wani kyakkyawa mai dafi da ko akuya ba ta sunsunarsa.

Aure ya kawo ta Diggi, gidan Ɗalha masunci. Shi kuwa ya yi rantsuwa ba zai taɓa cin laimar kwaɗi ba. Jidda ba ta ja da shi ba. Ran nan ta soya naman kazan da man shanu ta zuba a miyar kuka. Ɗalha ya tashi da tuwon, ya suɗe kwano, sannan ya leƙa akurki. Kajinsa suna nan cif.

"Ke Jidda, kazar wa kika yanka?"

"Ta Allah ce, Malam. Ba ta da gashi, ba ta cin hatsin kowa."

Ya yi dariya har da ƙwarewa. Daga ranar shi ke tuƙa ta a kwalekwale zuwa tsibiri, wani tudu mai duhun itatuwa a tsakiyar fadama, wanda ruwa ke kewayewa duk damina. Can ta sake samun duk irin da ta sani.

Shekaru suka ja, Jidda ta zama Inna. Da ta je biki Malisa, ta tarar kurmin kakarta ya koma kututtura da fili. Ba a daɗe ba gatari ya iso tsibirin ma, don da rani ruwa kan janye, masu gawayi su shiga da ƙafa. Suka share gefen gabas. Daminar da ta biyo baya ta bincike tsibirin lungu-lungu, iri takwas kacal ta samu. Ranar da ta dawo, ko tsokanar Ɗalha ba ta yi ba.

Da rani ya zagayo, ta ɗauki sandarta ta iske Rilwanu, shugaban masu gawayin, yana wasa gatari.

"Ɗan nan, naman kazan ga inuwa yake so. In ka kashe inuwa, ka kashe min miya."

"Inna, ni ma bakuna tara ke jirana gida."

"Awo, na sani. To, mu raba. Ka bar min manyan itatuwan da ke kewaye da suri."

Aka je gaban maigari aka tsayar da magana: duk itacen da Inna ta ɗaura wa tsumma, gatari ba zai taɓa shi ba. Ta yayyage tsofaffin zannuwanta. Da suka ƙare, ta faɗa wa rigunan Ɗalha. Har yau akwai wata ƙirya da ke sanye da hannun rigarsa ta Juma'a, kuma duk sa'ad da ya wuce sai ya gaishe ta.

Bayan damina uku, iri biyu suka dawo. Sauran ukun shiru har yanzu, amma Inna ba ta fasa duba gindin kowane itace ba.

Bana ta haura sittin. Gwiwar Ɗalha ta hana shi shiga ruwa, saboda haka ita ke tuƙi, da mata huɗu da take koya wa sana'ar, ciki har da Zahra'u matar Rilwanu. Ranar farko kwalekwalen ya yi ta juyi wuri ɗaya, matan na ihu suna salati, Ɗalha na bakin gaɓa yana ba da umarnin da ba mai saurara. Sai da hantsi ya ɗaga suka isa, suka dawo da ƙwarya biyu cike.