Malama Hajara, wadda aka ce ta jira a gama girbi

Da safen nan ina cikin wanke-wanke ƙawata Zainab ta kira ni tana kuka. Malama Hajara ta rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kun san ni ba na rubutu a nan, sai dai in karanta in wuce. Yau na kasa yin shiru.

Ita ce malamarmu ta adabi a Malumfashi. Wata rana ta kama ni da littafin soyayya a ƙarƙashin hijabi, ana tsakiyar darasi. Ba ta ƙwace ba. Cewa ta yi: "To 'yar mafarki, a ƙarshe ya aure ta?" Aji ya fashe da dariya, ni kuwa kamar in nutse.

Washegari ta kawo mini wani tsohon littafi mai kauri, na mutanen Rasha, an fassara shi da Turanci. Na gama shi da ƙyar, ta ƙaro wani.

Na ce mata, "Malama, sunayensu sun yi tsawo, kuma soyayyar ba ta da daɗi. Komai sai an tambayi uba."

Haka gidajen suke a littattafan. Tsoho yana zaune a kan tebur, ba mai ɗaga cokali sai ya ɗaga. 'Ya'yansa maza har da gemu, amma idan ya yi tari kowa sai ya sunkuyar da kai. Matan kuma suna kuka a ɗaki a hankali, kada a ji.

Ta yi murmushi ta ce, "Cire ƙanƙarar ƙasarsu ki sa masara. Ba ki gane gidan ba?"

A lokacin ban gane ba.

Malama a Ƙarfi take aure, gidan gandu, inda kowa yake noma gona ɗaya ƙarƙashin surukinta, Baba Alhaji. Dokar gidan ce, idan aka fara kwasar masara ba mai tafiya ko'ina, namiji ko mace, sai an gama.

Makon jiya ni da Zainab muka hau mashin muka je duba ta. Ta rame, ƙafafunta sun kumbura, amma muka same ta a kan kujera 'yar tsuguno tana yanka kuɓewar miyar masu aiki. Likita ya ce a kai ta Zariya da gaggawa. Mijinta ya je ya durƙusa gaban mahaifinsa. Baba Alhaji ya ce a bari a gama girbi, masara ba ta jira.

Shi ke nan. Mijin ya tashi ya koma gona.

Na ce, "Malama, ki tafi kawai mana, ga mota a tasha." Ta ce, "In dawo ina, Hafsatu?" Sannan ta tambaye ni ko na kai wurin da ƙaramar 'yar cikin littafin da ta ba ni na ƙarshe ta yi wa babanta magana. Na ce ban kai ba. Ta ce, "Ki yi sauri, wurin da na fi so ke nan."

Na san ajali ne. Umma ta faɗa mini, na kuma yarda. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya.

Ɗazu muka dawo daga gaisuwa. Duk mazan gidan suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, Baba Alhaji a tsakiya, ana ta ba shi haƙuri. Masarar tana can a gona, ba wanda zai taɓa ta sai an tashi daga zaman makoki.

Ashe masara tana jira.

Ya Allah ka gafarta wa Malama Hajara, ka haskaka kabarinta, ka ba ta hutun da ba ta samu a nan ba. Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi mata addu'a ba.