Yadda Na Zama Malamin Ɗan Kokawa a Damagaram

Ku da kuke ta tambayata, ga gaskiyar magana: wauta ce ta sa ni cikin tele, wato talabijin, ba ilimi ba. Ni da karatuna bai wuce gajerun surori ba, yau daga Belbeji har Tarka ana kirana malamin ƴan kokawa.

Idona ne ya tayar da tafiyar. Yanar ido ta rufe na hagu, na dama ma ya fara bin sahu. Likita ya ce sai an yi aiki, aikin kuma bai ɗaukar mini alkawari ba. Na ce kafin duhu ya gama shigowa sai na ga babbar kokawa da idona, na gaji da jin ta a rediyo.

Mun tashi daga Belbeji da asuba, ni da wani aminina Buzu mai sayar da cuku, a bayan motar da ta ɗauko raguna. Wani rago ya jingina da ni tun daga tasha, ban hana shi ba, don ya fi bargona ɗumi. Kafin mu hau kwalta hanya ta girgiza mu har haƙorana biyu da suka rage suka gaisa. A Bakin Birji muka sha shayi da burodi. Tsadarsa ta sa na tambayi mai shayin ko da man fetur yake dafawa, ya ce da ma na bari sai na ga na birni. Da muka wuce matatar mai kowa yana nuna ta, ni hayaƙi-hayaƙi kawai na gani, na gyaɗa kai kamar na gani.

Filin kokawa a Damagaram ya cika maƙil, ga ganguna, ga masu kirari, ga ƙamshin tsire. Muka samu wuri can sama. Na duba ƙasa, sai inuwoyi biyu suna motsi. Zuciyata ta karaya, na zo daga nesa don in sake sauraron rediyo.

Na ce wa aminina zan zaga, na sauko. A bakin ƙofar ƴan wasa sai ga ɗan kokawar jiharmu zai shiga da mutanensa, kowa ɗauke da layu da jarkokin rubutu. Ɗaya ya ajiye jarkarsa yana gyara takalmi. Na sunkuce ta, na ɗaure fuska, na bi layi. Jandarman ƙofa ya dubi farin gemuna ya matsa gefe, har da cewa, “Malam, a sa mu a addu'a.”

Sai da muka zauna bakin yashi ɗan kokawar ya lura da ni. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi. Ya sunkuyo ya ce, “Baba, kai kuma wa ya aiko ka?”

Na ce, “Ba kowa, ɗana. Daga can sama idona ba ya kawowa nan.”

Ya juya ya ce wa mutanensa, “Ku bar shi, namu ne.”

Da aka kira sunansa, maimakon ya je wurin malaminsa na gaskiya, sai ya durƙusa gabana. Na rasa yadda zan yi. Na karanta Fatiha, na tuttula masa rabin jarka a ka. Ashe duk wannan lokacin na'urar ƴan tele tana kaina.

Daga nan na ga kokawa. Na ga yatsun ƙafa suna nutsewa cikin yashi, na ga gumi yana bin baya, na ga yadda hannu ke lallaɓar ƙugu yana neman mariƙa. Suka daɗe a sarƙe. Can abokin karawarsa ya sa masa ƙafa, namu ya tafi ƙasa da baya, yashi ya fantsamo mini har cinya. Na ce yau kashina ya bushe. Amma da ya taso ya kakkaɓe jiki, sai ya yi dariya ya ce, “Ka dai gani, ko Baba?” Ya sa aka kawo mini shinkafa da nama. Allah ya saka wa yaron nan, ya ba shi nasara a gaba, ba ta hannuna ba.

Washegari muka juyo. Tun a tashar Belbeji aka tarye ni da tsiya. Mai nama ya ce kada in kuskura in yi wa kasuwarsa addu'a. Liman ya tambaye ni wace sura na ja har ƙato ya faɗi. Aminina kuwa har yau yana cewa zagayawata ta fi ta kowa nisa. Abin da na koyo shi ne, wanda ba ka sani ba yana iya yi maka alherin da ba ka roƙa ba, kuma farin gemu yana buɗe ƙofa fiye da takarda.

A gida tsohuwata, wato uwargida, ta ajiye mini fura, ta zauna tana kallona. Ita ma ta gani a telen maƙwabta. Ta ce, “Malam, sun nuna ka kana share ido. Mutane sun ce faɗuwar yaron ce ta sa ka hawaye. Ni na san ba ita ba ce.”

Na ɗauki ludayi na kama shan furata.